Wayar da Ta Kai Kukan Ƙauye Abuja

A garuruwan ƙasar Musawa, ko Jikamshi ko Dangani ko Tuge, da wuya a rasa shagon caji. 'Yar rumfa ce ta kwano, da ƙaramin janareta yana ta ɓaɓatu a baya, ko faifan sola a kan rufi. A ciki an kafa allon katako cike da soket, wayoyi sun yi layi kamar tsire a gefen wuta, kowace an manna mata salatif mai lamba don kada a ba wani ta wani. Manomi ya kawo tasa da safe kafin ya wuce gona, ya dawo da la'asar ya karɓa. Kafin ya bar wurin sai ya kunna data, saƙonni su yi ta shigowa, ya danna ɗaya ya ɗaga wayar sama don na kan benci su ji. Muryar wani ce daga ƙauyen da ke gaba, yana haki, yana cewa an ga babura sun ƙetare rafi sun yi gabas, kowa ya kwana cikin shiri.

Irin wannan saƙon murya ya fi kowace jarida saurin yawo a wannan yanki. Ba ya neman mai aika shi ya iya boko, ba ya neman mai saurare ya iya karatu. Tsohuwar da ba ta taɓa riƙe alƙalami ba tana iya danna wuri ɗaya ta faɗi abin da ke ranta na minti uku, ɗanta da ke ci-rani a Legas ya ji, ya tura zauren 'yan garinsu na WhatsApp, wani ɗalibi a Zariya ya ɗora a Facebook, kafin isha'i wani ɗan jarida ya bugo waya yana neman ƙarin bayani. Wanda ba shi da babbar waya ma ba a bar shi a baya ba: ya kai memorinsa wurin masu turi, ko abokinsa ya watsa masa ta Bluetooth, bidiyon ya shiga 'yar ƙaramar wayarsa mai tocila.

Faɗa wa masu mulki gaskiya ba baƙon abu ba ne a Musawa. A nan aka haifi Dokta Yusufu Bala Usman a 1945, masanin tarihin nan na Jami'ar Ahmadu Bello wanda ya yi sakataren gwamnatin tsohuwar Jihar Kaduna a zamanin Balarabe Musa, ya kuma ƙare rayuwarsa a 2005 yana tsage wa gwamnatoci gaskiya. Garin ne kuma asalin Alhaji Musa Musawa, ɗan gwagwarmayar siyasar Malam Aminu Kano, wanda ya rasu a 2023. Mutanen wancan zamani da keke da ƙasida da lacca a bakin kasuwa suka yi aiki. Ɗan jam'iyyar NEPU kan yi yini guda a hanya don ya isar da maganar da a yau yaro ke turawa yana kwance a kan tabarma, kuma sau da yawa ƙarshen tafiyar gaban alƙali ne da gidan yari.

Abin sha'awa, jinin gidan Dokta Bala ne ya shiga sahun farko na sabon salon. Lokacin da Boko Haram ta kwashe 'yan mata 276 daga makarantar Chibok a Afrilun 2014, Hadiza Bala Usman, 'yar Dokta Bala, tana cikin waɗanda suka kafa gangamin #BringBackOurGirls. Maudu'in ya zagaya duniya har uwargidan shugaban Amurka ta lokacin, Michelle Obama, ta ɗauki hoto riƙe da shi. Daga nan 'yan Najeriya suka gane cewa kalmomi huɗu a waya na iya hana fadar shugaban ƙasa barci.

Sai dai a 2014 mutanen kudancin Katsina kallon irin wannan gangami suke yi daga nesa. Shekara shida bayan haka ya iso ƙofar gida.

A farkon Yunin 2020 'yan bindiga suka kashe hakimin 'Yantumaki a ƙaramar hukumar Ɗanmusa. Ranar 9 ga watan, bayan an sake shiga garin an sace mutane, matasa suka fito suka tare babbar hanya, suka cinna wa tayoyi wuta, suka ƙona allon da ke ɗauke da hoton shugaban ƙasa. A da, irin wannan bore a garin yake mutuwa, sai dai direbobin da aka tsare su ba da labari a tasha. Wannan karon hotunan sun riga hayaƙin bajewa. Mako guda bayan haka Gamayyar Ƙungiyoyin Arewa ta jagoranci zanga-zanga a birnin Katsina, 'yan sanda suka tsare jagoranta Nastura Ashir Sharif a Abuja, aka yi ca a kafafen sada zumunta, cikin 'yan kwanaki aka sake shi.

Babban gwajin ya zo ne daren 11 ga Disamba, 2020, a Ƙanƙara, maƙwabciyar Musawa. 'Yan bindiga suka shiga makarantar sakandaren kimiyya ta gwamnati suka kora ɗaruruwan ɗalibai daji, a daidai lokacin da Shugaba Muhammadu Buhari ke hutu a Daura. Nan aka shiga gardamar lissafi. Gwamna Aminu Bello Masari ya ce yara 333 ne ba a gani ba. Mai magana da yawun shugaban ƙasa, Garba Shehu, ya ce goma ne kawai ke hannun ɓarayin. Iyaye kuwa suna tsaye a harabar makaranta, kowa na kiran sunan ɗansa a gaban wayoyin da ke ɗaukarsu, maudu'in #BringBackOurBoys na ta yaɗuwa. Ranar 17 ga watan aka sako yara 344, kuma Garba Shehu ya fito ya nemi afuwa kan adadin da ya bayar. Ba wanda zai ce waya ce ta karɓo yaran. Sulhu aka yi a bayan fage. Amma ita ta hana a rage yawansu a baki, ita kuma ta sa kowace rana ta zama nauyi a wuyan gwamnati.

Ba a san darajar abu sai an rasa shi. A Satumbar 2021, bayan an katse layukan sadarwa a Zamfara, aka yi haka a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, ciki har da Funtuwa da Malumfashi da Bakori da Ƙanƙara da Faskari da Ɗanmusa. Gwamnati ta kuma hana sana'ar caji a wurare da dama. Hujjarta ba ta banza ba ce: ɓarayin daji da waya suke magana da masu kai musu rahoto a cikin gari, da ita suke cinikin kuɗin fansa. Amma wuƙar ta yanki kowa. Mai POS ya rufe shago. Ɗan kasuwar da ke tambayar farashin masara a Dawanau kafin ya yi lodi ya koma yin ciniki da ka. Mutane suka riƙa hawa mota suna tafiya mai nisa don kawai su sami sabis su gaida 'yan uwa ko su karɓi kuɗin da aka turo. Mafi muni, ƙauyen da aka kai wa hari ba shi da hanyar kiran jami'an tsaro ko gargaɗin maƙwabta, labarin ma sai bayan kwanaki yake fitowa. Sai a Disamba aka maido da sabis a mafi yawan wuraren. A cikin wannan shekarar ce kuma gwamnatin tarayya ta rufe Twitter, daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, bayan kamfanin ya goge wani rubutu na shugaban ƙasa. Wannan bai dami manomin Musawa sosai ba, don ba can yake zama ba. Ɗauke sabis ɗin ne ya taɓa tukunyarsa.

Gaskiyar da ba a son faɗa ita ce, wayar ba ta zaɓen ubangida. Wadda ke gargaɗin gari cewa ga babura nan, irinta ce ke hannun wanda ya gaya wa masu baburan gidan da aka sayar da shanu jiya. 'Yan bindiga sun buɗe shafuka a TikTok suna baje damman kuɗi da bindigogi, wasu matasa na yi musu tafi har da roƙon a tura musu wani abu. Da aka shiga zaman sulhu tsakanin al'ummomi da 'yan bindiga a 2025, a Jibiya da Batsari da Ɗanmusa da wasu ƙananan hukumomi har da Musawa, a waya jama'a suka ga abin da ido: mutane rataye da manyan makamai zaune kusa da masu unguwanni da jami'ai. Bidiyon ya raba kan mutane. Na birni suka ce wannan miƙa wuya ne. Da yawa daga na ƙauye suka ce wanda bai kwana a gona ba don tsoron kwana a ɗaki, ya yi shiru. Ko me mutum ya zaɓa, a da sai dai a ji ƙishin-ƙishin an yi zama. Yanzu ana ganin fuskar kowa da abin da ya faɗa.

Akwai kuma wani aikin gayya mai ɗaci da wayar ta sauƙaƙa, wato tara kuɗin fansa. Duk wanda ke cikin zauren 'yan gari ya san yadda abin yake: a saka hoton wanda aka ɗauke, a saka lambar asusu, a riƙa jera sunayen waɗanda suka bayar, wannan dubu biyu, wancan dubu goma, Allah ya saka da alheri. Abin bai tsaya kan talaka ba. Da aka sace Birgediya Janar Maharazu Tsiga mai ritaya, tsohon shugaban hukumar yi wa ƙasa hidima, daga garinsu Tsiga a ƙaramar hukumar Bakori a Fabrairun 2025, sai a Afrilu ya kuɓuta, kuma wani abokin aikinsa ya fito fili ya gode wa waɗanda suka yi karo-karo a wani zauren WhatsApp. Idan janar sai da aka yi masa haka, mai kadada biyu ta dawa fa? Zumunci ne na gaske, ba shakka, amma zumuncin da kuɗinsa ke ƙarewa a daji, ya dawo a matsayin harsashi.

Ga ƙarya kuma, wadda ba ta biyan kuɗin mota. Hoton gawarwaki daga wata ƙasa, ko na shekara biyar da suka wuce, sai a manna masa sunan ƙauyen da ke kusa a ce yanzu-yanzu. Binciken da BBC ta yi kan rikicin Filato na Yunin 2018 ya nuna yadda hotunan bogi a Facebook suka ƙara rura wutar da ta ci rayuka. A yankin da Bahaushe da Bafulatani ke cin kasuwa ɗaya, kuma zuciya ta riga ta yi zafi, saƙon murya ɗaya da ya ce “'yan rugar can ne suka kawo su” ya isa a wayi gari da gawa. Shugaban zaure mai hankali yakan tambayi abu uku kafin ya bar saƙo ya zauna: wa ya gani da idonsa, a ina, yaushe? Ba kowane zaure ke da irin wannan shugaba ba.

Mai magana kuma yana yi ne da sanin abin da ya sami wasu. Abubakar Idris, wanda aka fi sani da Dadiyata, malami ne a Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, sananne wajen sukar 'yan siyasa a Twitter. A farkon Agustan 2019 wasu mutane suka ɗauke shi a ƙofar gidansa a Barnawa, Kaduna, kuma shekaru sun shuɗe ana tambayar inda yake. A ƙarshen 2022 aka kama wani ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutse kan rubutun da ya yi game da uwargidan shugaban ƙasa ta lokacin, sai da surutu ya yi yawa aka janye ƙarar. Sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015 ya daɗe yana zama sandar dukan masu suka, har aka yi masa gyara a 2024. A ƙauye ma abin ya fi tsanani, don ba a ɓuya. Wanda ya rubuta cewa rijiyar burtsatsen da aka ƙaddamar ba ta ba da ruwa, gobe zai haɗu da kansila a masallaci, jibi kuma kawunsa zai kira shi ya ce, “Kai yaro, ka rufa mana asiri, da mutanen nan muke zaune.” Wannan kiran ya fi sammacin kotu kashe baki.

Wasu kuma ba tsoro ke rufe musu baki ba, data ce. Kowane ɗan siyasa yanzu yana da rundunarsa ta 'yan soshiyal midiya, magadan sojojin baka na gidajen rediyo. A saya wa matashi waya, a riƙa tura masa kati, aikinsa ya ɗora hoton maigida yana raba buhunan shinkafa, ya kuma far wa duk wanda ya yi ƙorafi. Tun da hukumar sadarwa ta amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025, mai iya zama a intanet yini guda ya ƙara zama wanda wani ke biya masa. Mata kuwa, waɗanda su ne ke kwana a asibitin da ba magani, su ne ke zama zawarawa bayan hari, muryarsu ce mafi ƙaranci a zaurukan, ko don wayar ta maigida ce, ko don zagin da ke biyo bayan duk macen da ta yi magana a fili.

Duk da haka, idan abin ya ci, yana ci. Bayan zanga-zangar tsadar rayuwa ta Agustan 2024, wadda a waya aka shirya ta, an tsare yara da dama daga Arewa na tsawon watanni ba wanda ya ji ɗuriyarsu. Ranar 1 ga Nuwamba aka kai su babbar kotun tarayya a Abuja, a rame, wasu suka yanke jiki suka faɗi. Wani ya ɗauka a waya. Cikin kwana uku Shugaba Bola Tinubu ya ba da umarnin a sake su. Haka aka sake gani a Agustan 2025, da aka buɗe wa masallata wuta da asuba a Unguwar Mantau ta ƙaramar hukumar Malumfashi. Adadin farko da hukuma ta bayar 13 ne. Mutanen gari suna ta turo abin da suka gani da wanda suka binne, adadin ya yi ta hawa, har ɗan majalisar jiha mai wakiltar yankin ya faɗa wa majalisa cewa mutum 50 ne.

Idan aka lura, duk waɗannan nasarori iri ɗaya ne. Jini ne ko hawaye, hoto mai tayar da hankali, fushi na mako guda, sannan hukuma ta motsa. Wayar ta ƙware wajen kururuwa. Inda ba ta ƙware ba tukuna shi ne aikin da ba shi da hoto: bin diddigin kuɗi. Nan ne Dokta Bala ya bambanta da yawancin jikokinsa na Facebook. Shi da takarda yake zuwa, da kwanan wata, da adadi, ya ajiye a gaban mutum ya ce musanta.

An taɓa gwada haɗa biyun a nan kusa, kuma ya yi aiki. Gubar dalma daga haƙar zinariya ta kashe yara sama da 400 a Zamfara tun daga 2010. Gwamnatin tarayya ta yi alkawarin kuɗin tsabtace garin Bagega a ƙaramar hukumar Anka, kuɗin suka maƙale. Wasu matasa ƙarƙashin jagorancin Hamzat Lawal suka fara gangamin #SaveBagega, suna maimaita tambaya guda: nawa aka yi alkawari, yana ina, wa ya riƙe? A farkon 2013 aka saki kuɗin, sama da naira miliyan 800, aka kwashe gurɓatacciyar ƙasa, likitoci suka sami damar yi wa yara magani. Daga nan shirin Follow The Money ya samo tushe. Ƙungiyar BudgIT ma, wadda aka kafa a 2011, tana da shirin Tracka da ke wallafa ayyukan mazaɓu da aka saka a kasafin kuɗi, gari-gari, don jama'a su je su duba ko an yi. A Hausa kuma, bidiyoyin Bello Galadanci, wato Ɗan Bello, sun nuna cewa mutanenmu na sauraron maganar kasafi idan aka yi ta da harshen da suke ji, aka sa mata ɗan gishiri.

Kayan aikin suna nan a ajiye. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta buɗe ƙofar rubuta wa hukuma a nemi takardun aiki. Kason da kowace ƙaramar hukuma ke samu daga asusun tarayya ana wallafa shi wata-wata, ana iya dubawa a waya. A Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, ko da yake aiwatarwar na tafiyar hawainiya. Dokar da aka sa wa hannu a Mayun 2018 ta rage shekarun takarar majalisar jiha da ta wakilai zuwa 25. Amma a zaurukan 'yan gari, inda ake kwana ana musu kan wanda zai ci zaɓen shugaban ƙasa ko wasan Real Madrid da Barcelona, da wuya a ga wanda ya saka kason Musawa na watan jiya ya tambayi abin da aka yi da shi. Kukan ƙauye ya iya hanyar Abuja. Sakatariyar da ke bayan gida ce bai san ƙofarta ba.

Ba sai an jira wata ƙungiya daga birni ba. Kowace mazaɓa a Musawa tana da malamin firamare, da ma'aikacin asibiti, da ɗalibin jami'a da ke dawowa hutu, kuma kusan dukkansu suna cikin zaure ɗaya da kansilansu. Mutum uku sun isa: ɗaya ya nemo abin da aka rubuta za a yi wa mazaɓar a kasafin bana, ɗaya ya hau babur ya ɗauko hoton wurin da kwanan wata, na uku ya karanta duka cikin saƙon murya don iyayenmu da ba su yi boko ba su ji. Ba zagi, ba habaici, kuma a sa mata a ciki, don su suka fi sanin ranar da asibiti ya rasa allura. Idan an yi aikin a faɗa a yaba, idan ba a yi ba a sake tambaya a watan gobe.

Masu zaurukan Musawa, Jikamshi, Dangani, Kira, Gingin da sauran mazaɓu: a gwada wannan da aiki ɗaya tak kafin damina mai zuwa, ko aji ɗaya da rufinsa ya yaye, ko rijiya ɗaya da ta daina ba da ruwa.